Waya mai shafawa ko buhunan gyaɗa? Ku ba ni shawara

Maman_Halima_Bagalam:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Da wayar ƙanwata nake magana da ku, ita ce ma ke rubuta abin da nake faɗa, don haka in kun ga ban amsa da wuri ba, ta tafi da abinta ne. Sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, shekara 9 ke nan ina yi a cikin gida a nan Maraɗi. Makon jiya muka fasa asusunmu na mata, rabona ya kama jikka 65. Tun bara raina yake kan babbar waya mai shafawa, domin wata mai sayen maina ta koma Yamai, kullum sai ta ce in turo mata hoto ta nuna wa abokan aikinta, ni kuwa ba hali. To ga shi kuma kaka ta yi, gyaɗa ta sauko. In na zuba kuɗin nan a gyaɗa na ajiye, na san abin da zan samu in rani ya yi. Ƴar ƙaramar salulata mai maɓalli lafiyarta lau, tana kwana 4 ba caji. Maigidana ya ce kuɗina ne, in yi abin da na ga ya fi. Waɗanda suka riga ni saye, don Allah ku gaya mini gaskiya: wayar nan tana maido da kuɗinta, ko ci kawai take yi?

Alhaji_Mai_Hatsi:
Wa alaikumus salam. Ƴata, sayi gyaɗa. Shekara sama da 30 ina harkar hatsi a kasuwar Kadro, ban taɓa ganin wanda ya sayi kaya da kaka ya ajiye da kyau ya yi kuka da bazara ba, sai in ƙwari sun shiga masa. Waya kuwa ranar da kika fitar da ita daga kwali, ranar kuɗinta ya fara raguwa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ki fara ƙarfafa jari, ribar ta saya miki waya.

Zuwaira_Dinki:
Baba Alhaji, da girmanka, amma ban yarda gaba ɗaya ba. Ni tela ce a unguwar Zariya. Kafin in sayi tawa, masu kawo mini ɗinki ƴan layinmu ne da dangi. Da na fara sa hoton abin da na ɗinka a status na WhatsApp, mata daga Ali Ɗan Sofo da Burja suka riƙa zuwa, har wata daga Tasawa ta aiko da yadi a mota. A azumin da ya wuce sai da na daina karɓar aiki tun goma ta tsakiya. Jikka 48 na saye ta, kafin wata 5 ta fitar da kanta. Yaya Maman Halima, mai ma ana ganin kyansa a hoto, musamman in kin zuba shi a farar kwalba kin ɗauka da rana.

Alhaji_Mai_Hatsi:
Zuwaira, ɗinki ido ke saye. Mai kuwa hanci da harshe ke saye. Ba ɗaya ba ne.

Laminu_Gyaran_Salula:
Ni aikina ke nan, kullum ina zaune kan wayoyin mutane a bakin Babbar Kasuwa, bari in faɗi abin da nake gani. Ba zan ce ki saya ko kar ki saya ba, Hajiya. Amma in za ki saya, kar ki bi arha. Akwai abu biyu da ake rubutawa a jikin kwali. Na farko RAM, shi ne ƙarfin da wayar ke aiki da shi. Na biyu ma'ajiya, inda hotuna da muryoyi ke zama. Mai RAM 2 da ma'ajiya 32 za ta yi miki daɗi wata uku na farko, daga nan ta fara nauyi, kullum tana ce miki ta cika. In kuɗi sun kai, nemi mai 3 ko 4 da ma'ajiya 64. Batir kuma ki duba ya zama 5000, irin su Itel da Tecno da Infinix da yawansu haka suke zuwa yanzu. Su ukun nan ma gida ɗaya ne, kamfanin Transsion na ƙasar Sin ke yin su, shi ya sa kayan gyaransu ba sa wahalar samu a garin nan. Abin da ya fi kawo mutane wurina shi ne fasasshen ekran, wato fuskar waya. Canza shi kan ci kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ƙaramar waya. Ke kuma aikinki da mai ne da wuta da yara a tsakar gida. Ranar da kika saya, a sa mata gilashin kariya da riga tun a shagon, kafin ki fito.

Ummi_UDDM:
Ina ƙara wa maganar Malam Laminu: kar a yaudare ki da tsohuwar waya mai arha sosai. Tun watan Oktoba na 2023 WhatsApp ya daina aiki a kan Android da bai kai 5 ba, kuma lokaci lokaci suna ƙara yanke tsofaffi. Wata ƙawata a jami'a an ba ta irin wannan kyauta, ta kasa saka komai a ciki.

Dan_Kabukabu_227:
Ku kuna ta maganar kuɗin saye, ba wanda ya taɓo kuɗin ci. Sayen doki ba shi ne wahala ba, dawar da zai ci kullum ita ce. Ni na sayi tawa don fasinjoji su riƙa kirana, amma da na zauna na yi lissafi, forfe, wato kuɗin intanet, shi kaɗai yana cin mini dala 60 zuwa dala 100 a rana. Ku haɗa a wata ku gani. Kuma rabin abin ba a kan aiki yake tafiya ba, kallon bidiyo ne in na tsaya jiran fasinja. Wata biyu ke nan na koma ƙarama da rana, babbar sai dare. Inna, ki sa wannan a lissafinki tun yanzu.

Bashir_Katsina:
Don Allah ku yi mini bayani, ni daga Katsina nake bin zauren nan. Nawa ne dala 100, nawa ne jikka 65?

Mushe_Na_Tibiri:
Malam Bashir, dala ɗaya sefa 5 ce. Dala 100 sefa 500 ke nan. Jikka ɗaya dala 200, wato sefa 1000. Kuɗin baiwar Allahn nan sefa 65,000 ne.

Sannan game da abin da ɗan kabu-kabu ya faɗa, gaskiya ya faɗa amma akwai gyara. Ba wayar ke cin forfe ba, yadda aka bar ta ne. Saƙon murya na minti ɗaya ba ya kai mega ɗaya. Hoto ma kaɗan yake ci. Bidiyo ne ke shanye kuɗi, sai kuma rukunonin da ake jefa mutum ciki, a wayi gari an turo bidiyo 40 wayar ta sauke su da kanta cikin dare. Akwai wurin da ake kashe wannan a saitin WhatsApp, sai abin da ka taɓa da hannunka zai sauka. Matata tana sayar da turaren wuta, ƙaramin forfe na mako take saye, kuma yana kai ta. Ba ta da TikTok, ba ta da Facebook. Ta ce ba don su ta saya ba.

Bashir_Katsina:
Na gode Malam. To ai da wannan kuɗin in ta canza zuwa naira, a Katsina ko Kano za ta samu wadda ta fi ta Maraɗi. Ko a Jibiya ma.

Laminu_Gyaran_Salula:
Malam Bashir, a da ina ba mutane wannan shawarar. Yanzu na rage. Farashin canji yau daban gobe daban, ga kuɗin mota ta Ɗan Isa, ga halin da hanya take ciki. Babban abin kuma shi ne garanti. In ta saya a nan ta samu matsala a makon farko, da ƙafa za ta taka ta mayar wa mai shago, ya san ta, ta san shi. In daga Kano aka kawo, wa za ta kama? Ga wanda ke sayen goma ko ashirin don sayarwa, tafiyar tana da riba. Ga mai sayen ɗaya, bambancin ba ya biyan wahalar.

Hajiya_Rabi_MMD:
Ƙanwata, na ji kin ce asusu kuka fasa, shi ya sa na kasa yin shiru. Ina cikin Mata Masu Dubara, tsarin asusun mata, tun ina amarya. A nan jihar Maraɗi aka fara wannan tsarin a 1991 tare da ƙungiyar agaji ta CARE, kafin ya bazu zuwa wasu ƙasashe, kuma abin da iyayenmu mata suka koya mana a ciki shi ne kuɗin rabo ba a kashe shi duka a abu ɗaya. Na ga mata da yawa sun karɓi rabonsu sun sayi abin da ba ya haihuwa, zagaye na gaba ya zo ba su da abin zubi. Na kuma ga wadda waya ta buɗe wa kasuwa har Agadas. Abin da zan tambaye ki: in yau mutum 10 a Yamai suka ce kowa yana son lita 5, kina da gyaɗar da za ki matse? Kina da bidon? Kina da mai kai miki tashar bas? In amsar a'a ce, wayar za ta kawo miki masu saye ki rasa abin ba su, kuma wanda ka ce masa babu sau biyu ba ya sake tambaya.

Zuwaira_Dinki:
Wannan tambayar ta Hajiya ta fi duk abin da muka faɗa.

Maman_Halima_Bagalam:
Na dawo, ƙanwata ta karanta mini duka. Allah ya saka da alheri. Hajiya, gaskiya a mako ina matse abin da bai wuce tiya 20 ba, ni da ɗiyata. In aka nemi da yawa sai na ɗauki mai taya ni suya da murza. Bidon ba matsala. Tashar Rimbo kuma yaron maƙwabta zai iya kai mini. Wani abin da ban faɗa ba tun farko, ni ban yi lakwal ba, allo kawai na yi. Ina gane lambobi da sunayen mutane a ƙaramar wayata, amma rubutun boko mai tsawo sai an karanta mini. Shin mai irin halina zai iya riƙe wannan waya?

Ummi_UDDM:
Ƙwarai kuwa, Inna. Kakata a Madarumfa ba ta san harafi ɗaya na boko ba, amma kullum sai ta turo mini murya. Danna alamar makirfo kawai take yi ta yi magana ta saki. Mutane kuma da hotonsu take gane su. Yawancin cinikin da ake yi a WhatsApp a garin nan da murya ake yinsa, har waɗanda suka yi karatun. Abin da zai ba ki wahala shi ne saƙonnin da ke zuwa da Faransanci. Waɗannan kar ki taɓa komai sai an karanta miki.

Abban_Sadik:
A nan ne nake so in ja kunne, domin ni abin ya faɗa wa gidana. Watanni kaɗan bayan na saya wa mahaifiyata babbar waya, wani ya kira ta ya ce daga kamfani yake, wai ta ci kyauta, za a turo mata lambobi 6 ta karanta masa. Ta karanta. Kafin magariba sun ƙwace WhatsApp ɗinta, suna bin ƴan uwa ɗaya bayan ɗaya da sunanta, wai tana kwance a likita a taimaka. Ƙanena da ke Libiya ya tura kuɗi kafin mu ankara. Har yau in ta tuna sai ranta ya ɓaci, ba don kuɗin ba, don an yi ƙarya da sunanta. Maman Halima, in kin saya, duk wanda ya ce ki karanta masa lambar da ta shigo wayarki, ko ya ce shi ɗan uwanki ne, kashe kiran. Kuma a sa miki lambar sirri ta biyu a WhatsApp tun ranar farko. Minti biyu ne aikin.

Malam_Na_Limanci:
Allah ya mayar da alheri, Abban Sadik. Ni damuwata ba ɓarayin waje ba ce, abin da ke shigowa cikin gida ne. Wayar uwa wayar yara ce, kowa ya san haka. Tana suya, wayar tana hannun ɗan shekara 10 a bayan ɗaki. Na raba rigimar aure fiye da ɗaya da tushenta waya ne. Na kuma ga samarin da cacar ƙwallo ta waya ta cinye musu jari. Ban ce haramun ba ce, ni ma da ita nake sauraren karatu. Amma wanda zai shigo da ita gida ya shigo da doka tare da ita.

Zuwaira_Dinki:
Allah gafarta Malam, maganar yara gaskiya ce, ni ma da zanen yatsa nake kulle tawa. Amma maganar aure, in an bincika, wayoyin maza sun fi kawo rigimar. Baiwar Allahn nan mijinta ya yarda, sana'a za ta yi. Kar mu sa mata tsoron da ba nata ba.

Malam_Na_Limanci:
Ban ware mata ba, ƴata. Na ce wanda zai shigo da ita, namiji ko mace.

Sani_Jiratawa:
Mu koma kan tambayarta. Ni manomin rani ne a fadamar Jiratawa, ina noma zogale da albasa da tattasai. Abin da babbar waya ta yi mini ba sabbin masu saye ba ne, sanin farashi ne. A da dillali zai zo gona ya faɗi abin da ya ga dama, in sayar, washegari in ji a gari kuɗin ya fi haka. Yanzu muna da rukuni, kowa yana faɗin yadda aka sayar a kasuwarsu. Amma fa in za a faɗi gaskiya, wannan ko da ƙaramar waya ana iya yi, kira ne kawai zai fi yawa. Inda ta fi ƙarama nesa shi ne hoto. Tsutsa ta taɓa kama mini tattasai, na ɗauki hoton ganyen na tura wa malamin gona, ya gaya mini abin da zan yi ba tare da ya zo ba.

Dan_Kabukabu_227:
Wani abu kuma, kuran, wato wutar lantarki. Kun manta watan Agusta na 2023 da Najeriya ta yanke mana wuta? Masu manyan wayoyi suna ta yawo da caja a aljihu suna neman mai janareto, mu biya dala 20 a cika mana. Ƙananan kuwa ko a jikinsu. Ko yanzu da zafi ya kama ai kun san yadda ake yi. Duk abin da za ki yi, Inna, kar ki sayar da ƙaramar. Pis ɗin, wato layin da mutane suka san ki da shi, ya zauna a cikinta.

Laminu_Gyaran_Salula:
A nan sai ka yi hankali, abokina. In lambar da aka san ta da ita na cikin ƙarama, ana iya buɗe WhatsApp da ita a babbar, saƙon tabbatarwa ne kawai zai shigo ƙaramar sau ɗaya. Sai ta sa wani pis a babbar don intanet, ko Airtel ko Moov ko Zamani, wanda rezonsa ya fi kamawa a ɗakinta. Wannan sai ta tambayi maƙwabta, domin unguwa da unguwa ya bambanta.

Nana_Mokoyo:
Me zai hana ta sayi ta hannu? Ni okaziyo na saya jikka 30, shekara biyu ke nan ba abin da ta yi.

Abban_Sadik:
Kin yi sa'a ne. Wani maƙwabcina ya sayi ta hannu a bakin tasha, bayan wata biyu aka bi sawunta har gidansa, ashe ta sata ce. Sai da ya kwana a kwamisariya, ya rasa wayar, ya rasa kuɗinsa.

Laminu_Gyaran_Salula:
Ta hannu ba laifi ba ce in an san mai ita. A nemi kwalinta da takardar saye. A danna *#06#, lamba mai tsawo za ta fito, a gwada da wadda ke jikin kwali, in ba su zo ɗaya ba a bar ta. A kuma tabbatar mai ita ya cire asusunsa na Google a gabanki, in ba haka ba wata rana za ta kulle ta nemi kalmar sirrin da ba ki sani ba. Batir ne kawai ba a iya gane lafiyarsa a tsaye, sai an kwana da ita.

Alhaji_Mai_Hatsi:
Duk na karanta. Ban canza ba. Gyaɗa ba ta jiran kowa, nan da mako shida wannan farashin ya tafi. Waya kuwa tana nan a shago har bayan Salla, wataƙila ma ta ƙara sauka. In abu biyu suna gabanka, ɗaya na gudu ɗaya na zaune, ai mai gudun ake fara kamawa.

Hajiya_Rabi_MMD:
Alhaji, a wannan kam ina bayanka. Amma ina da ƙari. Ƙanwata, tunda ƙanwarki na da waya, ki gwada kasuwar kafin ki saya. Ta ɗauki hoton mai da ƙuli ta tura wa ta Yamai ɗin, ta sa a status nata wata guda. Kuɗin ciniki su turo ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko Amana, da ƙaramar wayarki da katinki za ki karɓa. In kin ga oda na shigowa har ƙanwarki ta fara gajiya da kai miki saƙo, lokacin saye ya yi.

Zuwaira_Dinki:
Hajiya, na gwada haka da wayar yayana kafin in sayi tawa. Matsalar ita ce mai saye zai yi tambaya da safe, amsa ba za ta je ba sai dare. Mutum uku na rasa ta haka. Wayar aro ba ta nuna ainihin kasuwar.

Mushe_Na_Tibiri:
Ko ta raba kuɗin: jikka 35 gyaɗa, jikka 30 ta hannu daga wanda aka sani.

Laminu_Gyaran_Salula:
Mushe, ta jikka 30 mai lafiya tana samuwa amma sai an yi haƙurin nema. Ba kullum ba.

Maman_Halima_Bagalam:
Jama'a na gode, wallahi ban zaci za ku ba ni lokacinku haka ba. Jiya da dare na kasa barci ina ta juya maganar Alhaji da ta Zuwaira. Da safe na aiki ɗana ya sayo mini buhu ɗaya tukuna, sauran kuɗin na ɗaure na ba uwar asusunmu ta riƙe mini, don in suna hannuna za su tafi a cefane. Ƙanwata ta ɗauki hotuna ta tura Yamai, har an ce ana son lita 10 ranar Litinin. Ban sani ba ko zan ƙara buhu na biyu ko in jira wayar. Malam Laminu, in wani da ka yarda da shi ya kawo ta hannu mai kwali da takarda, ka faɗa a nan zauren, ƙanwata za ta gani.

Laminu_Gyaran_Salula:
In sha Allahu, Hajiya. Amma ki zo da wanda ya iya karatu ranar, a duba komai a gabanki.

Nana_Mokoyo:
Maman Halima, ƙulin naki mai yaji ne ko mai sukari? Ina da suna mako mai zuwa, kuma ina son na daka yajin tsire.

Sani_Jiratawa:
Alhaji Mai Hatsi, nawa aka sayar da tiyar gyaɗa ɓararra yau a Kadro? Ni ma ina so in ajiye iri kafin ta tashi.